A Ba Jama'a Abinci Da Zafinsa: Darasi Ga Masu Gidajen Abinci Na Dutsen Alhaji Da Sauran Garuruwa

Dutsen Alhaji gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Bwari, a Yankin Birnin Tarayya, bisa hanyar da ta rabu da babban titin Kubwa ta nufi Bwari. Tun da aka kafa wannan yanki a 1976, balle bayan da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Ikko ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, garin ya yi ta cika yana batsewa. Ma'aikata da 'yan kasuwa da magina da direbobi, waɗanda kuɗin haya a tsakiyar birni ya fi ƙarfinsu, duk nan suka sami masauki. Yawancinsu kan fita tun da jijjifi, ba su komowa sai bayan magariba. Saboda haka cikinsu yana hannun masu sayar da abinci, tun daga mai tuwo-tuwo a bakin kasuwa har zuwa mai hotal da ke da teburori da fanka.

To, wannan darasi domin masu wannan sana'a aka rubuta shi, na Dutsen Alhaji da na ko'ina a ƙasar nan. Batun dafuwa kuwa kun fi mu saninsa. Abin da za mu duba shi ne halin da abinci ke shiga daga lokacin da aka sauke tukunya zuwa lokacin da aka zuba wa mai saye. A wannan tsakani ne ɓarna ta fi faruwa, kuma ɓarna ce wadda ido ba ya gani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ƙiyasi a 2015 cewa kowace shekara mutum wajen miliyan 600 kan kamu da ciwo ta hanyar abinci, wajen 420,000 kuma su rasu. Daga cikin mamatan, kimanin 125,000 yara ne da ba su kai shekara 5 ba. Nahiyarmu ta Afirka ita ta fi jin jiki, da masu ciwo fiye da miliyan 91 da mamata wajen 137,000 a shekara.

Abin da ke faruwa a cikin tukunya

Sau da yawa akan ji mai abinci ta ce, "Ai na dafa ya dahu, wuta ta kashe kome." Maganarta da gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Lalle zafin da ya kai digiri 70 a ma'aunin Selshiyas yana hallaka yawancin ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai waɗansu iri masu dabara. Idan suka ji wuya sai su ƙulle kansu cikin wani ƙwanso mai tauri, su yi likimo har tafasa ta wuce. Mu masu fassara mun daɗe muna neman sunan da ya dace da wannan hali a Hausa. Ni dai ban sami abin da ya fi misalin irin ciyawa ba, wanda kan kwanta a ƙasa duk tsawon rani, da saukar ruwan fari kuwa sai ya tsiro. Ruwan farin waɗannan ƙwayoyi shi ne lokacin da abinci ya fara hucewa.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, sun fi kuwa jin daɗi a wajen ɗumin jikin mutum, watau digiri 37. A nan Abuja, cikin watan Maris, zafin rana shi kansa kan haura digiri 35. Ashe tukunyar da aka ajiye a rumfa ta huce, ta tsaya ke nan daidai inda ƙwayar cuta ke so.

Bari mu yi lissafi. Idan hali ya yi mata daidai, ƙwaya ɗaya kan rabu biyu cikin minti 20. A ce da ƙarfe 8 na safe akwai ƙwaya 100 a cikin ludayin shinkafa. Da tsakar rana sun haura 400,000. Kafin ƙarfe 2 sun wuce miliyan 26. Shinkafar kuwa tana nan fara tas, babu tsami, babu wari, babu yauƙi. A lura da wannan da kyau, gama yawancinmu da hanci da harshe muke gwada abinci, alhali kuwa ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi wari daban suke da waɗanda ke kwantar da mutum.

Abokan gāba uku

Ta farko ita ce wadda masana ke kira Bacillus cereus. A cikin ƙasa take zaune, daga nan take bin hatsi, musamman shinkafa. Ƙwansonta yana tsallake dafuwa. In aka bar dafaffiyar shinkafa ko taliya da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, sai ta farka ta yaɗu, ta kuma zuba wani dafi a cikin abincin. Wanda ya ci yakan fara amai cikin sa'a 1 zuwa 5. An fara gane wannan nau'i sosai a Ingila a 1971, a gidajen da ke dafa shinkafa da yawa su bar ta ta kwana a waje, kashegari su soya. Abin da ya sa ta fi sauran tsoratarwa shi ne dafin nan ba ya jin wuta. Ko an sake tafasa shinkafar, ko an soya ta da mai, ƙwayar ta mutu amma dafinta yana nan.

Nan ne tilas mu taɓa batun ɗumame. Al'adarmu ce mai kyau, tana kuma hana almubazzaranci; ɗumamen da aka tafasa sosai ya fi wanda aka ci da sanyi nesa ba kusa ba. Amma kada mai sana'a ya ɗauka ɗumamawa tana wanke laifin ajiya. Shinkafar da ta wuni a kula tana hucewa, ba wutar da za ta mai da ita lafiyayya.

Ta biyu ita ce Clostridium perfringens, mai son nama da romo da wake da miya mai kauri. Ba ta son iska, don haka tsakiyar babbar tukunya ya fi mata ko'ina. A wajen digiri 43 zuwa 47 tana iya ninkuwa cikin kamar minti 10 kawai. Ciwonta murɗar ciki ne da gudawa, yakan kuwa taso bayan sa'a 6 zuwa 24, lokacin da mutum ya riga ya koma gida ya manta da abin da ya ci da rana. Shi ya sa mai abinci kan yi shekaru tana cutar da masu sayenta ba ta sani ba, su ma ba su sani ba, sai a ɗora wa ruwa ko shawara ko sammu.

Ta uku, Staphylococcus aureus, daga jikin mutum take fitowa: hanci, da fata, da ƙurji ko yankan wuƙa a yatsa. Bayan dafuwa take shiga, sa'ad da aka yayyanka nama ko aka mulmula tuwo da hannu. Ita ma dafinta ba ya jin wuta.

Har kwalara, wadda muka fi sani da gurɓataccen ruwa, tana samun mafaka a cikin abincin da ya huce. Masu bincike a ƙasar Mali lokacin annobar 1984 sun tarar cewa cin kwantan kunun gero yana cikin hanyoyin da ciwon ya bi. A Konakiri ta ƙasar Gini, a 1986, kwantan miyar gyaɗa aka kama da laifi. Mu ma a 2021 annobar kwalara ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya, Yankin Birnin Tarayya kuwa yana cikin wuraren da ta shafa.

Ƙa'idar da za a riƙe

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abincin da ke jiran mai ci a riƙe shi sama da digiri 60, kada kuma a bar shi a sarari fiye da sa'a 2. Ƙasashe sun ɗan bambanta: Ingila ta tsai da digiri 63, Amurka kuwa 57. A Amurkar ma akan shawarci jama'a su rage sa'a 2 ɗin nan zuwa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32, wanda a wurinmu shi ne halin yawancin ranakun bazara. A ganina mu riƙe 60, don ta fi sauƙin tunawa.

Batun kula

Wanda ya zaga wuraren cin abinci a Dutsen Alhaji da hantsi zai ga manyan kuloli jere, wannan ta farar shinkafa, wannan ta dafa-duka, waccan ta malmalar tuwo a leda. Kula abu ne mai amfani, amma a fahimci iyakarta. Ba ta da wuta a cikinta. Aikinta kawai ta jinkirta fitar zafin da aka zuba mata. Duk lokacin da aka ɗaga murfi zafi ya tafi ke nan, ba ya komowa, kuma gwargwadon raguwar abinci gwargwadon saurin hucewarsa. Wanda ya zo da ƙarfe 9 ya sami shinkafa mai tururi. Wanda ya zo da azahar, watakila ɗan makaranta ne ko lebura, shi ke samun ta ƙasan kula, wadda ta yi sa'o'i cikin ɗumin nan mai haɗari.

Gyaran ba shi da tsada. Kafin a zuba abinci a ɗauraye kular da tafasasshen ruwa, a rufe na 'yan mintoci, sa'an nan a zubar. A zuba abinci yana tururi, daga wuta kai tsaye, a cika ta har baki. Ƙananan kuloli uku sun fi babba guda ɗaya, don ana sayarwa daga ɗaya, sauran biyun suna rufe ba wanda ya taɓa su. Mafi kyau duka shi ne a raba girkin biyu, na safe daban, na rana daban. Na san za a ce gawayi da iskar gas sun yi tsada, haka ne kuwa. Amma mudun shinkafar da za a dafa bai ƙaru ba, wutar ce kawai aka hura sau biyu, ga shi kuma kwantai zai ragu.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne juye sabon abinci a kan ragowar tsoho. Yin haka kamar zuba sabuwar madara ne a ƙwaryar da ba a wanke ba. A ƙarar da tsohon in lokacinsa bai wuce ba, a wanke mazubin, kana a zuba sabo.

Miya da farfesu da wake su zauna bisa garwashi ko ƙaramar wuta, a rufe, ana motsawa lokaci lokaci har ƙasan tukunya, domin gefe da sama sukan huce tsakiya na da zafi. Ludayi ya zauna cikin miyar, mariƙinsa a waje.

Masu manyan hotal da masu girkin biki suna da tasoshin ƙarfen nan masu ruwa a ƙasa da 'yar wuta a ƙarƙashi. A fara zuba musu ruwan zafi, a kunna wutar, kana a ɗora abincin da ya riga ya yi zafi. An yi su ne don riƙe zafi; in aka sa abinci mai sanyi a ciki, zai yi sa'o'i yana rarrafe cikin ɗumin haɗari kafin ya kai inda ake so. Haka nan akwatin gilashin da ake jera soyayyar kaza a ciki: ƙwan lantarki guda yana haskaka kaya ne don mai wucewa ya gani, ba lalle ne ya kai su digiri 60 ba. Idan kuma aka ɗauke wuta, a dubi agogo nan take, daga lokacin ne aka fara ƙirga sa'a 2.

Yaya za a san an kai 60? Hanya tabbatacciya ita ce ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfe, wanda ake samu a shagunan kayan girki. A wanke tsinken, a soka shi tsakiyar abinci, a kuma gwada gefe, a jira lamba ta tsaya. A yi haka duk bayan sa'a 2, a rubuta a ɗan littafi. Don a tabbata ma'aunin bai yi ƙarya ba, a tsoma shi cikin ruwan da aka cika da ƙanƙara, ya kamata ya nuna 0. Wanda ba shi da ma'auni ya dubi tururi: in aka buɗe murfi bai taso sosai ba, a ɗauka abinci ya sauka. Kada a gwada da yatsa.

Ragowar abinci

In an tashi kasuwa da saura, kuma zafinsa bai taɓa sauka ba, a juye shi cikin faffaɗan faranti marasa zurfi don ya huce da sauri, a sa a firji ƙasa da digiri 5. Babbar tukunya a firji tsakiyarta kan kwana da ɗumi. Da safe a ɗumama shi da wuta mai ƙarfi har tsakiyarsa ya kai digiri 75, miya kuwa ta tafasa, kuma sau ɗaya tak. Inda babu tabbacin lantarki har gari ya waye, kada a dogara ga firji. A rage yawan girki.

Abincin da ya huce ya wuce sa'a 2, ko wanda ba a san tun yaushe ya huce ba, zubarwa za a yi. Wannan ita ce magana mafi ɗaci a darasin nan, ga mai ƙaramin jari musamman. Kada kuma a ce za a ba almajirai ko yaran gida sadaka. Su ne ma ciwon ya fi kayarwa.

Idan ciwo ya auku

Mai amai da gudawa, rashin ruwa a jiki ne ke kashe shi. A ba shi ruwan gishiri da sukari nan da nan: ƙullin da ake sayarwa a kantin magani, ko kuwa lita 1 ta tsabtataccen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin. Yaro ƙarami, da tsoho, da mace mai ciki, da wanda aka ga jini a bayan gidansa, a kai su asibiti ba tare da jinkiri ba.

Idan mutum biyu ko fiye suka kwanta bayan sun ci a wuri guda, a sanar da ma'aikatan duba-gari na ƙaramar hukuma. Ga mutanen Dutsen Alhaji, sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Bwari ke nan. Mai abincin ta dakatar da sayarwa, ta keɓe ragowar a mazubi mai murfi don a auna, ta kuma gaya wa ma'aikatan ƙarfe nawa ta sauke tukunya da inda abincin ya zauna bayan nan.