Harafi da Zubinsa: Wasu Keɓaɓɓun Kalmomi na Sarrafa Rubutu da Tsara Ɗab'i a Kwamfuta

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin kaɗan daga cikin keɓaɓɓun kalmomin da ɗalibi ke cin karo da su in ya zauna gaban kwamfuta zai buga jinga ko kundin digiri, ko kuwa an ɗora masa shirya mujalla irin wannan. Ba a yi niyyar jera su jerin ƙamus ba. Abin da za a nuna shi ne, yawancin kalmomin nan ba a kwamfuta aka haife su ba, gadonsu ta yi daga wurin mai tafireta da kuma mai jera haruffa a maɗaba'a. Wanda ya san asalinsu zai fi saurin gane su, zai kuma fi iya zaɓar musu takwarorin da suka dace a Hausa. Daga cikinsu akwai guda biyu, harafi da zubi, waɗanda rikita su ya riga ya yi wa rubutun Hausa ɓarna, saboda haka a kansu za a fi tsayawa.

Ayyuka biyu da ake ɗauka ɗaya ne

Sarrafa rubutu shi ne shigar da magana cikin na'ura ta yadda za a iya gyara ta, a ƙara, a rage, a ɗauke jimla daga nan a kai ta can, a adana, ba tare da an sake buga shafin daga farko ba. Kamfanin IBM ya fitar da wata tafireta mai ajiye rubutu a kan zaren maganaɗisu a shekarar 1964, kuma daga irinta ne aikin ya samo tushe. Manhajar Word ta kamfanin Microsoft ta fito a 1983. Kalmomin yankewa da kwafewa da liƙawa, waɗanda Larry Tesler ya shigar cikin kwamfuta a cibiyar binciken kamfanin Xerox a shekarun 1970, daga teburin edita aka aro su, inda ake sa almakashi a yanke sakin layi a shafa masa gam a manna shi a wani wuri. Waɗannan uku ba su ba Hausa wata wahala ba, don kowa ya san yanka, ya san liƙi.

Tsara ɗab'i kuwa wani aiki ne dabam. Shi bai damu da abin da maganar ta ƙunsa ba, ya damu ne da zaman da za ta yi a shafi: faɗin gefe, yawan ginshiƙan rubutu, inda hoto zai zauna, girman kanun magana. Dā aikin maɗaba'a ne kurum. A shekarar 1985 abubuwa uku suka haɗu suka sauko da shi kan teburin ofis: manhajar PageMaker ta kamfanin Aldus, da firintar LaserWriter ta kamfanin Apple, da harshen PostScript na kamfanin Adobe, wanda ke bayyana wa firinta kamannin shafi. Don haka ne Turawa suka laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce ɗab'i a kan tebur. Fassarar kalma da kalma ba ta da daɗi a kunnen Bahaushe, tebur kuma ba shi ne abin lura ba. Tsara ɗab'i ya wadatar.

Gadon tafireta

Mai tafireta, in ya kai ƙarshen layi, ƙararrawa takan kaɗa, ya tura hannun keken ya koma farkon sabon layi. Kwamfuta ta ɗauke wa mutum wannan, watau kalmar da ba ta sami wuri ba ita da kanta take gangarawa layi na gaba. Wannan ya canza ma'anar sakin layi. A darasin ƙa'idojin rubutu, sakin layi rukunin jimloli ne masu magana a kan abu guda. A wurin na'ura kuwa, duk abin da aka buga har zuwa inda aka danna maɓallin shigarwa sakin layi ne, ko da kalma ɗaya ce, ko da ma ba a buga kome ba. Wanda ya riƙe al'adar tafireta yana danna maɓallin a ƙarshen kowane layi, to, ya mai da kowane layi sakin layi mai zaman kansa, kuma ranar da aka sauya faɗin gefe sai rubutun ya kakkarye. Haka yake ga mai jera fili da maɓallin tazara don ya tura kanun magana tsakiyar shafi. Na'ura tana da umarnin daidaitawa, hagu ko dama ko tsakiya ko gefe biyu, shi ya kamata a ba ta.

Gadon maɗaba'a

Tun lokacin da Gutenberg ya fara buga littattafai a birnin Mainz na ƙasar Jamus wajen shekarar 1450, kowane harafi ɗan guntun ƙarfe ne da aka narkar aka zuba a cikin ma'auni, mai jerawa ya tsinto su ɗai-ɗai da hannu. Manyan haruffa suna cikin akwatin sama, ƙanana suna cikin na ƙasa, har yau kuwa sunayen da Ingilishi ke kiran su da su ke nan. Hausa ba ta bukatar aron wannan, tana da babban baƙi da ƙaramin baƙi. Tazarar da ke tsakanin layi da layi, sunanta a Ingilishi daga dalma aka samo shi, saboda siraran sandunan dalma ake cusawa tsakanin layuka don a buɗa su. Babu dalma a cikin kwamfuta, babu kuma dalilin jawo ta cikin Hausa. Tazarar layi ta fi fito da ma'ana. Girman harafi da awon foyin ake faɗinsa: foyin 72 su ne inci ɗaya, rubutun kundi kuwa galibi da foyin 12 ake buga shi. Rubutun gicciye, wanda ake keɓe sunayen littattafai da shi, ya fara fitowa ne a maɗaba'ar Aldus Manutius a birnin Banis na Italiya a 1501. Sunan wannan mutumin ne kamfanin Aldus da aka ambata ya ɗauka.

Akwai wasu biyu masu ban sha'awa. Layin farko na sakin layi in ya rage shi kaɗai a ƙasan shafi, maɗaba'an Turai maraya suke ce masa. Layin ƙarshe in ya tsallaka shi kaɗai zuwa saman shafi na gaba, sai su kira shi da sunan matar da mijinta ya mutu. Maraya ya zauna daram a Hausa. Na biyun ne bai zauna ba, don mai takaba ko bazawara ba su kawo wa mai karatu hoton layin da aka bari shi kaɗai. Da a ce marayan ƙasa da marayan sama, da an huta.

Harafi da zubi

Harafi shi ne abin da ake nufi, zubi shi ne kamannin da aka ba shi a takarda. An zaɓi kalmar zubi ne don ita ce ainihin abin da ake yi wa ƙarfen a dā, Bahaushe kuma ya saba cewa abu kaza zubin kaza ne. Times New Roman, alal misali, zubi ne da aka ƙera wa jaridar The Times ta Landan a 1932. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha wuya wajen gane bambancin ba, domin ya san ba guda ce, amma surarta a farkon kalma dabam, a tsakiya dabam, a ƙarshe dabam, kuma hannun wannan malami ba irin na wancan ba ne. Kwamfuta ba sura take ajiyewa ba. Lamba take ajiye wa kowane harafi, sa'an nan in an zo nunawa ta je cikin zubin da aka zaɓa ta ɗauko surar da ke zaune a wannan lamba.

Nan ne matsalar Hausa ta taso. Baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke shugabantar hukumar talifi a Zariya; kafin nan da ɗigo ko da alamar ɗauri ake rarrabe su. Amma tsarin lambobi na ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kaɗai gare shi, kuma Ingilishi aka yi wa shi. Babu ƙugiya a ciki. Da kwamfuta ta yaɗu, sai masu himma suka yi dabara: suka ƙera zube-zube na musamman, suka zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, ko kuwa a gurabun wasu baka da alamomin da Hausa ba ta cika amfani da su ba. Lalle sun cancanci yabo, don da dabarar tasu aka buga littattafai da kundaye masu yawa a lokacin da babu wata hanya. Sai dai ido kawai aka gamsar. Mai karatu yana ganin ƙasa, na'ura kuwa qasa ta ajiye. Da zarar fayil ya je kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai asiri ya tonu, a ga xaya da varawo, ko ]aya da }asa, kamar yadda ake tarar da su a kundaye da dama da aka ɗora a intanet. Mai neman kalmar ƙasa a irin wannan kundi ba zai same ta ba, ko da ta fito sau ɗari.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya warware wannan, don ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa wadda ba ta sauyawa ko wane zubi aka sa. Lambar ƙ ita ce U+0199, ta Ƙ U+0198, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253. Har ƴ, wadda ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y, tana da tata, U+01B4. Abin da ya rage shi ne a sami zubin da aka zana waɗannan surori a cikinsa, irin su Charis SIL da Gentium da Noto. In zubi ba shi da su, ɗayan biyu: ko na'ura ta nuna ɗan akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani zubi, sai a ga ƙ ta fi 'yan'uwanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma. Wannan aibi ne na ido kurum, harafin yana nan lafiya a ƙarƙashi, sauya zubi ya isa gyara. Aibin farko kuwa a cikin rubutun kansa yake. Mafi muni duka shi ne wanda ya gaji ya zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, ya bar mai karatu yana laluben ko fada ake nufi ko faɗa, kaya ko ƙaya, baki ko baƙi.

Wannan rarrabewa ita ce kuma tushen abin da manhajoji ke kira da kalmar da aka saba fassarawa da salo. Ana gaya wa na'ura cewa wannan layi kanun babi ne, sa'an nan a wuri guda a faɗi zubi da girman da duk kanun babi zai ɗauka. In mai duba kundi ya ce a rage girmansu, gyara ɗaya ya game duka, kuma da su ne na'ura ke haɗa shafin ƙunshiya da kanta. Amma salo ta riga ta sami mazauni a nazarin adabi, ɗalibin da ya ji salon marubuci ba zubin haruffa zai kawo a ransa ba. Sutura za ta fi dacewa, tun da abin da ake tuɓewa a sauya ne, jiki yana nan yadda yake.

Inda na'ura ke yi wa Hausa karambani

Idan aka daidaita rubutu gefe biyu, na'ura takan raba doguwar kalma da karan ɗori a ƙarshen layi. In ba a gaya mata harshen da ake rubutu da shi ba, da dokokin Ingilishi za ta yanka. Hausa kuwa a kan gaɓa take yanka, tagwayen baƙaƙe irin su ts da sh da gw da ƙy sauti ɗaya ne kowannensu, ba a raba su. Hatsi ha-tsi ne, ba hat-si ba. Taƙwasa ba a raba ƙ da w a cikinta. Gara a kashe wannan umarni, mai tsarawa ya raba da hannu inda tilas ta kama. Haka nan alamar da ke gaban 'ya da 'yan: manhaja takan ɗauka buɗe zance ake so, ta juya ta ta fuskanci wancan gefe, alhali ɓangare ce ta harafi.

Daga ƙarshen aiki akan mai da kundi fayil ɗin PDF, tsarin da kamfanin Adobe ya fitar a 1993, domin shafi ya tsaya yadda aka tsara shi a kowace na'ura. Yana iya ƙunshe zubin a cikinsa, saboda haka ƙugiya takan fito daidai a maɗaba'a ko da da tsohuwar dabara aka buga. Kada wannan ya ruɗi ɗalibi. Gwajin mai sauƙi ne: ya kwafi layi ɗaya mai ƙ da ɗ daga cikin kundinsa, ya liƙa shi a saƙon waya ko a gurbin bincike na intanet, inda zubin nasa bai da iko. In ƙasa ta fito ƙasa, harafi ya buga. In qasa ta fito, sai ya koma ainihin fayil ɗin, ya sa umarnin nema da musanyawa ya maye kowace q da ƙ ta gaskiya, yana lura da sunayen Turawa da na littattafansu da ke cikin manazarta, don su q ɗinsu q ce.