Ɓarawon Gani

Jama'ar ajin Gidan Katta, darasinmu na yau a kan ido ne. Da ido muke noma, da shi muke ciniki a kasuwar Illela, da shi kuma muke koyon karatun nan. To, akwai wata cuta mai sace gani a ɓoye. Likitoci suna kiranta gilakoma, mutane kuwa suna ce mata hawan jinin ido.

Ga yadda take. A cikin ido akwai wani ruwa garai-garai, ba hawaye ba ne. Kullum ido yana yin sabo, tsohon yana fita ta wata 'yar magudana. Ku dubi soro da damina. In indararo ya toshe, ruwa ya kwanta, sai rufi ya lalace. Haka ido yake. In magudanar ta toshe, ruwan ya taru, sai ya matsa wa jijiyar gani, ta riƙa mutuwa kaɗan-kaɗan. Abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

Gilakoma dabam take da yanar ido. Mai yana, in an yi masa aiki, sai ya koma yana gani. Wanda gilakoma ta makantar, ba maganin da zai buɗe masa ido.

Mugun abin shi ne, yawanci ba ta ciwo, ba ta ƙaiƙayi. Ganin gefe take fara ci. Mutum yana ganin gabansa sarai, amma jaki ya taho ta gefensa bai gan shi ba. Daga baya sai ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu.

Daga 2005 zuwa 2007 an auna idanun mutane fiye da 13,000 a faɗin Nijeriya, dukansu masu shekara 40 ko fiye. Aka tarar cikin kowane mutum 100, kamar 5 suna da ita. Cikin masu ita, kamar 1 cikin 20 ne kaɗai ya san yana da ita, 1 cikin 5 kuma ya riga ya makance. Bayan yanar ido, ita ce ta biyu wajen makantar da mutane a ƙasarmu.

Su wa ta fi kamawa? Ta fi kama baƙar fata. A birnin Baltimo na Amurka an auna baƙaƙe da farare daga 1985 zuwa 1988, aka ga ta fi yawa ga baƙaƙe kamar sau huɗu ko biyar. Tana kuma bin jini. In uwarka, ko ubanka, ko wanka yana da ita, kai ma kana cikin haɗari. Haka kuma wanda ya wuce shekara 40, da wanda ya taɓa buguwa a ido, da mai ɗiga maganin ido na kasuwa ba da izinin likita ba, don wasu irinsu suna ƙara matsin ido.

To, mene ne abin yi? Awo. Likitan ido zai auna matsin ido, ya haska fitila ya dubi jijiyar, ya gwada ganin gefe. Ba zafi. A fara tambaya a asibitin Illela. In ta kama, a tafi Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wanda ya kai 40 ya je awo duk shekara ɗaya ko biyu, ko da yana gani garau.

In an gano ta da wuri, ana tare ta da maganin ɗigawa ko da aiki. Maganin kullum ne, ba a dainawa don an ji sauƙi. Da azumi ma a tambayi likita lokutan ɗigawa. Wanda aka samu da ita ya gaya wa 'yan'uwansa, na nan da na Ƙonni, maza da mata, su je a duba su. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Me ya bambanta gilakoma da yanar ido?
2. Wane gani take fara ci?
3. Su wa ya kamata su je awo?

Aikin rubutu
Kowa ya rubuta sunayen mutum uku na gidansu da suka wuce shekara 40, ya karanta musu wannan darasi.