INJIN ISKA DA TSUNTSAYEN KURMI

Manomi, yanzu ana samun wutar lantarki daga iska. A Lambar Rimi ta Jihar Katsina an kafa injina 37 don wannan aiki. Injin iska ba ya shan mai, ba ya hayaƙi. Amma idan aka kafa shi a inda bai dace ba, yakan kashe tsuntsaye, alhali kuwa tsuntsaye 'yan ƙwadago ne da ba ka biyansu ko kwabo.

Amfanin Tsuntsaye a Gona

Shamuwa da balbela suna cin fara da tsutsa. Mujiya tana kama ɓera da dare. Ungulu tana kwashe mushe kafin ya yaɗa cuta. Yawancinsu a kan manyan itatuwa suke kwana ko sheƙa, kamar rimi da kuka da gawo.

Yadda Ɓarna Take Aukuwa

Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko, sare kurmi don a yi hanya da filin inji. Ta biyu, karo da fukafukan injin. Daga nesa sai ka ga kamar a hankali suke juyawa, amma bakin fiffiken babban inji yana wuce gudun kilomita 200 a awa.

Akwai magani. A kudancin Sifen, a 2008 da 2009, an riƙa tsayar da injin da ungulu ta doso. Mutuwarsu ta ragu da rabi, wutar da aka rasa kuwa ba ta taka kara ta karya ba. A ƙasar Norwe an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kimanin kashi 70 cikin 100.

Abin da Za Ka Yi

1. Idan an nemi filinku don kafa inji, ku taru da mai gari ku nuna inda tsuntsaye suke kwana da sheƙa.
2. Ku nemi a kafa shi a fili, nesa da kurmi da fadama.
3. Kada a sare itace lokacin da tsuntsaye suke kan ƙwai.
4. Kada ka jefar da mushe kusa da inji. Binne shi, don kada ungulu ta sauko.
5. In ka tsinci mataccen tsuntsu a gindin inji, sanar da ma'aikatan wurin.

Ka tuna, gyara kafin a zuba siminti ya fi sauƙi. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona ko malamin daji na yankinku.