Kitsen Jini Ga Masu Ɗauke Da Karya-Garkuwa: Magani Da Matsalar Suna

Gabatarwa

Lokacin hutun da ya wuce, a ƙauyenmu Kiyako ta ƙasar Birnin Kudu, wani dattijo da ya daɗe yana karɓar maganin karya-garkuwa ya tare ni da tambaya. Ya ce, “Ɗana, kai da ka ke nazarin Hausa, warware mini. Da na rame an ce cuta ce, yanzu na yi jiki an ce kitse ya yi mini yawa a jini.” Na ce, “Baba, a ba ni lokaci in bincika.” Wannan ɗan nazari shi ne abin da na samo.

Asalin ruɗanin

Kalmar ƙanjamau ta fito ne daga ƙanjamewa, watau matsananciyar rama. Haka masu cutar su ka kasance bayan da aka ba da rahoton ɓullarta a Nijeriya a 1986, har sunan ya zauna daram. Bahaushe kuwa tun fil azal ya ɗauki ƙiba alamar lafiya da wadata. To, mutumin da ya tsira daga rama, yaya za a ce masa kitse abokin gaba ne, ya yarda?

Amma al'amari ya sake. Gwamnatin Tarayya ta soma shirin rarraba magungunan danne ƙwayar cutar a 2002, ta mai da su kyauta a 2006. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Jigawa tana cikin jihohin da cutar ta fi ƙaranci, kimanin kashi 0.3 cikin ɗari. Waɗanda su ka riƙe magani daga cikinsu yanzu tsufa su ke yi, cututtukan tsufa kuma suna samunsu. Masana sun gano haɗarin ciwon zuciya gare su ya kusa ninki biyu na sauran jama'a.

Abin da likitoci ke kira kolestarol wani abu ne mai maiƙo da ke yawo cikin jini, hanta ce kuma ke sarrafa mafi yawansa. Idan mugun nau'insa ya yi yawa sai ya dinga liƙewa a bangon jijiyoyi, hanya ta ƙuntata, daga nan sai bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ita kanta ƙwayar cutar tana haddasa kumburin jijiyoyi a ɓoye, wasu magungunanta kuma, irin su lofinabiya da ritonabiya da efabirenz, suna ƙara maiƙon. Dolutegirabiya, wanda ya zama maganin farko a ƙasar nan, bai cika yin haka ba, ko da ya ke yakan sa ƙiba.

Magani

Matakin farko na gida ne: rage man shanu da kitsen tsire da soye-soye, yawaita wake da zogale da kuɓewa, motsa jiki, da barin taba ɗungum. Manomin Gwaram dai ba sai an koya masa motsa jiki ba.

Idan awon jini ya nuna wannan bai wadatar ba, sai a koma ga dangin maganin da a ke kira sitatin, wanda ke hana hanta yawan sarrafa maiƙon. A nan ne fa hattara ta wajaba. Ritonabiya yana toshe hanyar da hanta ke bi ta narkar da wasu daga cikinsu, sai su taru a jiki su lalata tsoka, fitsari ya yi duhu, har ƙoda ta taɓu. Saboda haka ba a haɗa shi da simbastatin ko lobastatin sam. Atobastatin kuwa akan ba da kaɗan ne, a sa ido. Fitabastatin ya fi zama lafiya da su. Wani babban gwaji mai suna REPRIEVE, da aka bayyana sakamakonsa a 2023, ya ƙunshi mutum 7,769 masu shekara 40 zuwa 75 a ƙasashe 12, har da Uganda da Botswana. Waɗanda su ka sha fitabastatin kullum, manyan cututtukan zuciya da jijiyoyi sun ragu gare su da kashi 35 cikin ɗari, alhali maiƙon jinin galibinsu bai ma kai na tashin hankali ba.

Ke nan wanda ya saye sitatin a kantin magani, ya ɓoye wa mai kanti abin da ya ke sha don gudun tsegumi, ya jefa kansa cikin haɗari. Likitan da ke ba shi maganin karya-garkuwa, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko wani asibitin, shi ya kamata ya zaɓa masa. Mai juna biyu kuma lalle ta faɗa tun da wuri. Kada kuma a dakatar da maganin ƙwayar cutar don tsoron kitse.

A ganina mu ɗaliban harshe muna da laifi a nan. “Kitsen jini” yana sa mai sauraro ya dubi tumbinsa, alhali siriri ma yana iya kamuwa, mai jiki kuma ya kuɓuta. Ina ba da shawarar a ce “maiƙon jini”, domin maiƙo yakan ɓoye cikin miya ba a gan shi ba sai ta huce. Da na koma na faɗa wa dattijon haka, sai ya tambaye ni ranar da a ke awon jini.