Gwajin DNA da Neman Asali: Wa Ya Gaji Jinin Baikin?

A ƙasashen Turai da Amurka miliyoyin mutane sun tofa yawu a 'yar kwalba sun aika wa kamfanonin gwajin DNA domin a gaya masu inda kakanninsu suka fito. Da yawa daga cikinsu, musamman a Ingila da Sikotlan, babban burinsu shi ne a ce suna da jinin Baikin. A wannan darasi za mu duba abin da ilmin halitta zai iya tabbatarwa game da wannan da'awa, da kuma inda ƙarfinsa ya tsaya.

Su Wane ne Baikin?

Baikin mutane ne masu tafiyar teku daga yankin Sikandinebiya, watau ƙasashen Norwe da Denmak da Suwidin na yau. Masana tarihi kan ƙirga zamaninsu daga shekarar 793, lokacin da suka kai hari tsibirin Lindisfarne na Ingila, zuwa 1066. A tsakanin nan sun yi yaƙi, sun yi fatauci, sun kuma kafa garuruwa. Sun zauna a Dabilin ta ƙasar Ailan, sun tare a tsibirin Aislan wajen shekarar 870, har sun isa gaɓar Kanada ta yau. Ta gabas kuwa, malamin nan Ahmad ibn Fadlan ya sadu da wasu da ake dangantawa da su a bakin kogin Bolga a 922.

Hanyoyi Uku na Gado

A cibiyar ƙwayar halittar ɗan Adam akwai kuromozom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Masu binciken asali suna bin hanyoyi uku.

Ta farko ita ce kuromozom Y, wanda namiji kaɗai ke da shi, kuma daga ubansa ya gaje shi kusan ba tare da canji ba. Ta biyu ita ce DNA na mitokondiriya, wanda uwa ke ba 'ya'yanta maza da mata, amma mata ne kaɗai ke miƙa shi gaba. A waɗannan biyun, jefi-jefi akan sami ɗan kuskure wajen kwafi, sai kuskuren ya zama alama a kan duk zuriyar mai shi. Da irin waɗannan alamomi ake raba mutane reshe-reshe. Alal misali, reshen Y da ake kira I1 ya yi yawa a Sikandinebiya.

Ta uku ita ce sauran kuromozom, waɗanda ke cuɗanya a kowane hawa na zuriya. Su ne kamfanoni ke aunawa idan suka ce wa mutum kashi kaza na jininsa daga Sikandinebiya yake.

Inda Lissafi Ya Shigo

Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8. A hawa na goma adadin ya kai 1,024. Daga cikinsu kuromozom Y yana ba da labarin mutum ɗaya tak, na mitokondiriya ma haka. Abin da mutum ke gada daga kowane ɗayansu a sauran kuromozom, a matsakaicin lissafi, bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba, wasunsu ma ba su bar masa komai ba.

In muka ɗauki shekara 30 a matsayin hawa guda, shekara 1,000 za ta ba mu hawa 33. Ninka 2 sau 33 ya haura biliyan 8, alhali mutanen duniya a lokacin ba su kai ko rabin biliyan ba. Ma'anar wannan ita ce mutum ɗaya yana maimaituwa sau da yawa a cikin salsala. Binciken Peter Ralph da Graham Coop na 2013 ya nuna cewa Turawan yau sun yi tarayya a kakannin da suka rayu shekara 1,000 da suka wuce. Ashe ke nan kusan kowane Bature yana da kaka Baikin, ko da bai gaji ɗigon DNA daga gare shi ba.

Akwai wasu matsaloli biyu. Reshen I1 ya girmi zamanin Baikin da dubban shekaru, saboda haka samunsa a jikin mutum bai nuna ta hannun wa ya zo ba. Haka nan ƙabilun Angulo-Sakson da suka shiga Ingila tun ƙarni na 5 daga arewacin Jamus da Denmak suka fito, kuma da wuya a bambance jininsu da na Baikin ɗin Denmak. Bugu da ƙari, yawanci kamfani yana kwatanta mai gwaji ne da mutanen da ke raye yau.

Abin da Bincike Ya Gano

Idan aka auna al'umma gaba ɗaya, sakamakon ya fi inganci. Binciken Agnar Helgason da abokan aikinsa a 2000 da 2001 ya nuna cewa kimanin kashi 80 cikin 100 na mazan da suka fara zama a Aislan 'yan Sikandinebiya ne, amma wajen kashi 60 na matan daga Ailan da Sikotlan suke. Wani bincike na 2015 ya gano cewa kimanin kashi 25 na DNA ɗin mutanen tsibiran Okni daga Norwe ya samo asali.

A 2020 mujallar Nature ta buga aikin da Eske Willerslev ya jagoranta, inda aka ciro DNA daga ƙasusuwa da haƙoran mutum 442. An ga cewa mutanen Denmak sun fi nufar Ingila, na Norwe suka nufi Ailan da Aislan da Girinlan, na Suwidin kuma suka yi gabas. A Salme ta ƙasar Estoniya, inda aka binne maza 41 cikin jiragen ruwa biyu wajen shekarar 750, an tarar huɗu daga cikinsu wa da ƙane ne. An kuma gano cewa wani da aka tono a Oksfod da wani da aka tono a Denmak dangi ne na kusa, kamar 'yan uba ko ɗa da baffansa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne wasu maza biyu a Okni da aka binne da takubba bisa al'adar Baikin, amma jininsu irin na mutanen Sikotlan da Ailan ne. Haka kuma an sami jinin kudancin Turai a jikin wasu Baikin, da yawansu ma gashinsu ba fari ba ne. Wannan ya rushe da'awar masu wariyar launin fata da ke ɗaukar Baikin a matsayin tsantsar jinsi marar gauraye. Zama Baikin sana'a ce da al'ada, wadda baƙo ma kan iya shiga.

Matsayin Takardun Salsala

Rubutacciyar salsala tana cike giɓin da DNA ya bari, amma ita ma tana da iyaka. A Ingila sai a 1538 aka umurci majami'u su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, watau shekara 472 bayan ƙarewar zamanin Baikin. Aislan ce ta yi fice, domin tana da tsohon littafi mai suna Landnámabók da ya lissafa mazaunan farko fiye da 400, ga kuma ƙidayar 1703 wadda ta rubuta sunayen mutane sama da 50,000. Wani bincike na 2008 a yankin Wirral da yammacin Lankasha ya haɗa hanyoyin biyu: aka zaɓi mazan da sunayen gidansu ke cikin tsofaffin takardun yankin, sai aka ga kusan rabin kuromozom Y ɗinsu na da alaƙa da Sikandinebiya.

Kammalawa

Gwajin DNA yana da ƙarfi wajen tabbatar da dangantaka ta kusa da bin sawun ƙaurar al'ummomi. Idan aka zo ga haɗa mutum ɗaya da wani kaka na shekara 1,000, abin da yake bayarwa ƙiyasi ne kawai. Ya kamata ɗalibi ya riƙa tambayar kowane sakamako: da wa aka kwatanta, kuma wane layin kakanni aka bi?

Aikin Aji

1. Lissafa adadin kakanninka a hawa na 5 da na 15.
2. Zana salsalarka zuwa hawa na 3, ka nuna wanda ka gaji DNA na mitokondiriya daga gare ta.
3. Me ya sa mace ba za ta iya gwada kuromozom Y na gidansu ba sai ta hannun ɗan'uwanta namiji?