Yadda Ake Kiyaye Ruwan Kwamin Ninƙaya da Fahimtar Awon Kulorin

Malaman fiƙihu, Allah Ya saka musu da alheri, sun koya mana cewa ana gane halin ruwa da siffofi uku, wato launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa, kuma wannan ƙa'ida ta wadatar da mai neman ruwan alwala. Amma ruwan da aka tsare a kwamin ninƙaya na cikin gida, wanda ba ya gudu, rana na dukansa, iyali na shiga da guminsu da man jikinsu, yana da wani hali da ido ba ya riska, domin yakan yi garau har a hango kwabo a ƙarƙashinsa alhali ƙwayoyin cuta suna ciki. Saboda haka duk wanda Allah Ya hore wa irin wannan kwami, amanar lafiyar masu shigarsa tana wuyansa, kuma ba a sauke ta sai da awo.

Farkon aiki shi ne sanin yawan ruwan. A auna tsawo da faɗi da matsakaicin zurfi da mita, a riɓanya su. Kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi yana cin lita 48,000. Ma'aunin da ma'abota wannan sana'a ke magana da shi kuwa shi ne miligiram a kowace lita, wanda ya yi daidai da giram ɗaya a lita 1,000, kuma duk adadin da za a ambata nan gaba a kansa yake, in ban da pH.

Bayan haka sai ɗiban ruwan gwaji, wanda shi ma yana da ladubbansa. A bari injin kwamin ya juya ruwan tukuna, a ɗauraye kwalbar gwajin da ruwan kwamin, a nitsa hannu har gwiwar hannu nesa da bututun da ke dawo da ruwa, sannan a cika ta daidai layin da aka shata. In an zo karanta launi, a tsaya a inuwa da hasken rana, a kara farar takarda a bayan kwalbar, kuma a karanta nan take ba tare da jinkiri ba.

Abin da ake fara dubawa shi ne pH, wato matsayin ruwa tsakanin tsami da kishiyarsa, kamar yadda uwargida ke kashe tsamin miya da ɗan jiƙon kanwa har ta sami daidaito. Ruwan gwajinsa, mai suna fenol ja, yakan yi rawaya in tsami ya rinjaya, ya yi ja sosai in ɗaya ɓangaren ya rinjaya, abin nema kuwa yana tsakanin 7.2 da 7.8. Hikimar wannan iyaka ita ce, a 7.5 kimanin rabin kulorin ne ke cikin siffar da ta fi kashe cuta, a 8 kuwa bai wuce rubu'i ba, don haka mai zuba kulorin a ruwan da pH ɗinsa ya haura dukiyarsa yake ɓarnatarwa. In kuma ya faɗi ƙasa da 7, sai ruwan ya riƙa yi wa ido yaji, yana cin ƙarfen tsani da simintin da ke tsakanin tayil. Ana ɗaga shi da soda-ash, ana sauke shi da asid ɗin kwami, kaɗan-kaɗan, ana sake awo bayan sa'o'i. Idan aka ga yau ya hau gobe ya sauka, to, a duba alkalin ruwan, wanda ake so tsakanin 80 da 120, domin shi ne ke riƙe pH kada ya yi tangaɗi. Ana ƙara shi da sodiyam bikabonat, kuma shi ya kamata a fara gyarawa.

Daga nan sai kulorin kansa. Hanyar da aka fi dogara da ita ita ce ta DPD, wadda Dokta Palin na Ingila ya bayyana a 1957. Ƙwayar gwaji mai lamba 1 tana rina ruwa ruwan hoda gwargwadon sakakken kulorin, wato wanda bai yi aiki ba tukuna, yana jiran cuta, kuma ana son sa tsakanin 1 da 3. In aka ƙara ƙwaya mai lamba 3 a cikin wannan kwalba, aka jira minti biyu, sai ta nuna jimillar kulorin. Abin da ke tsakanin adadin biyu shi ne ɗaurarren kulorin, wanda ya riga ya haɗu da gumi da fitsari ya raunana. Shi ne mai warin nan da ke bugun hanci yana jajanta ido, har jama'a su ce magani ya yi yawa, alhali kuwa ƙarancinsa ne ya jawo haka. In ɗaurarren ya haura 0.5, maganinsa shi ne a zuba kulorin ninki goma nasa a lokaci guda bayan magariba. Garin kalsiyam haifokulorait mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari, giram 74 nasa ke ɗaga kwamin lita 48,000 da 1. Ke nan ɗaurarre 0.8 yana bukatar kimanin giram 600. Kada kowa ya shiga sai awo ya dawo iyakarsa.

Sai dai awo kansa yakan rikitar da mai shi, kuma a nan ne ake bukatar natsuwa da lura. Mafi hatsarin ruɗu shi ne mutum ya zuba kulorin mai yawa jiya, yau ya jefa ƙwaya ya ga ruwa fari fat, ya zaci babu komai, ya ƙara zubawa. Haƙiƙanin al'amarin shi ne, kulorin in ya haura kimanin 10 yakan cinye launin gwajin. Alamarsa kuwa, wani ɗan jan hayaƙi zai tashi daga jikin ƙwayar kamar ƙiftawar ido sannan ya ɓace. A gauraya rabin ruwan kwami da rabin ruwan da ba shi da kulorin, a sake gwadawa, a ninka sakamakon biyu. A irin wannan hali fenol ja ma yakan koma shunayya, ya nuna pH ya haura alhali ƙarya ne, don haka kada a zuba asid sai kulorin ya sauka.

Idan kuwa kullum ana zubawa kullum yana ɓacewa, ɓarayin biyu ne, ko rana ko gansakuka, kuma dare ne ke raba gardama. A auna bayan magariba, a sake aunawa bayan sallar asuba kafin hudowar rana. In an rasa fiye da 1, akwai abin da ke cin sa a cikin ruwan, sai a goge bango da burushi, a wanke matatar ruwan, a yi babban zubi. In bai ragu ba, laifin rana ne, wadda a tsananin bazara takan ƙone mafi yawansa cikin 'yan sa'o'i, kuma garkuwarsa ita ce sinadarin sayanurik tsakanin 30 da 50. Amma wannan garkuwa in ta yi yawa takan danne ƙarfin kulorin, har a ga awo ya cika ruwa kuma yana kore; manyan ƙwayoyin tiraikulo da ake sakawa a kwando mai yawo su ne ke tara ta, kuma ba a rage ta sai an zubar da wani sashe na ruwan an ƙara sabo. Ruwan burtsatse mai sinadarin ƙarfe kan yi launin tsatsa da zarar kulorin ya taɓa shi, ƙurar hunturu kuma kan gurɓata shi. Duka biyun aikin matata ne da juyawar inji, ƙarin kulorin ba ya warkar da su. A kiyaye kuma da kayan gwajin da suka tsufa ko suka sha zafi, da taɓa ƙwaya da yatsa, da ragowar lamba 3 a kwalbar da ba a wanke ba, domin kowannensu yana gurɓata shaida.

Wajibi ne kada a taɓa haɗa garin kalsiyam da tiraikulo ko da asid, ko da a bokiti ɗaya ne bi da bi, domin haɗuwarsu tana haifar da gobara da hayaƙi mai halakarwa. Kullum magani ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan magani, kuma a adana shi a busasshen ɗaki mai makulli. Mai gudawa kada ya shiga, domin Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa ƙwayar kiriftosiforidiyam tana rayuwa fiye da kwana 7 a ruwan da kulorinsa ya cika.

Ya kai mai gida, ka auna pH da kulorin kowace rana da ake shiga ruwan, alkali mako-mako, sayanurik wata-wata, ka rubuta kowane awo da ranarsa a littafi guda, kuma kada ka zuba ko cokali ɗaya na magani sai ka san adadin da kake gyarawa. Allah Ya tsare mana iyalanmu.