Gyara Waya Ko Sayen Sabuwa: Darasi Ga 'Yan Kasuwar Kagoro Da Kafancan

Ga dillalin citta mai zirga-zirga tsakanin Kagoro da Kafancan da Kaciya, wayar salula jari ce. Da ita yake jin farashin buhu a Kano da Legas, da ita kuma yake biyan manomi, musamman tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sake fasalin Naira, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya ala tilas. Saboda haka ranar da wayar ta soma gardama, sai ya zauna ya yi lissafi kafin ya nufi shago.

Kusan duk wayoyin da ake sayarwa a ƙasar nan daga waje ake shigo da su, akasari daga ƙasar Sin, kuma da Dala. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake canzawa kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a Fabrairun 2024, farashin waya kuwa ya bi ta. A kan wannan a ɗora kuɗin sufuri daga Ikeja ko daga kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da ribar mai shago. Abin takaici, a daminar 2023 ɗin ce cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, wato samu ya ragu daidai lokacin da kaya suka yi tsada.

To, mafi yawan abin da ke sa a ce waya ta mutu, ƙananan larurori ne. Na farko batir. Batirin waya yakan rasa kimanin kashi 1 cikin 5 na ƙarfinsa bayan caji cikakke kamar sau 500, kuma zafi yana gaggauta hakan, irin na wayar da aka bari a gaban mota da tsakar rana. Sauya batir bai kai ko kusa da kuɗin sabuwar waya ba. Idan kuwa batirin ya kumbura har ya ɗaga murfi, a daina caji nan take, domin yana iya kamawa da wuta. Wayar da ta ƙi karɓar caji, sau da yawa ƙurar hunturu ce ko dusar busasshiyar citta ta toshe mata rami. A kashe ta, a sa tsinken sakace a hankali, kada a sa allura, sannan a jarraba wata waya ta caji. Wadda ta yi nauyi wajen buɗewa, a duba ma'ajiyarta, galibi hotuna da bidiyon WhatsApp ne suka cika ta. Wadda ruwan sama ya jiƙa, kuma masu karatu sun san ruwan Kagoro, a kashe ta, kada a jona ta da wuta, a kai wa mai gyara. Binne ta cikin shinkafa ba ya cire ruwan da ya shiga ciki. Rashin sabis a gindin duwatsu kuwa ba laifin waya ba ne, a jarraba layin wani kamfani tukuna.

Dalili mai ƙarfi na sauyawa shi ne tsufan manhaja. A watan Oktoban 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5.0, haka kuma manhajojin bankuna sukan yi watsi da tsofaffin wayoyi. Wannan babu mai gyaran da zai magance shi. Mai saye ya tambayi wane Android ke cikin wayar da girman ma'ajiyarta, kafin ya tambayi kyamara. Ya kuma yi hattara da biyan ƙari saboda 5G, wadda aka ƙaddamar a manyan birane a 2022, sai in ya tabbatar tana kamawa inda yake harkarsa.

Wanda zai yi musaya, ya fara jin nawa tsohuwar za ta yi in ya sayar da kansa, domin mai shago ba ya taya ta da daraja. Mai sayen biya sannu-sannu ya haɗa jimlar kuɗin watannin duka ya kwatanta da farashin kuɗi hannu, ya kuma sani cewa irin waɗannan wayoyi sukan kulle kansu idan aka saɓa biya. Mai sayen ta gwanjo ya danna *#06#, ya gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ya karɓi rasit, gudun kayan sata. Kafin tsohuwar ta bar hannu kuwa, a cire layi, a fita daga manhajar banki, a goge komai da ke cikinta.